Taurari a Takardar Rabon Iri

Shekara goma sha huɗu Kamilu yana buga wa ƙungiyar manoman Bungudu takardunta a ɗan shagonsa na bakin tasha a Gusau. Shi ke tsara magana, shi ke zaɓar kalmar da za a yi wa kauri. In an karanta a taro sai shugaba, Alhaji Dogo, ya ce, "Hannun Kamilu ke nan." Wallahi ranar ko abinci bai ci ba ya ƙoshi.

Sai ga Ashiru, malamin gona da aka dawo da shi daga Tsafe, da wayarsa mai fasasshen gilashi. Yana da wani shafi a intanet da ya rabu biyu. A hagu yana rubutu da ’yan alamomi: tauraro biyu gaba da bayan kalma, wata alama mai kama da gidan dara a farkon layi. A dama kuwa nan take rubutun ke fitowa tas, kanun magana manya, sunayen ƙauyuka a jere. Makdawun, in ji shi, ake kiran abin.

Kamilu na tsaye Ashiru ya nuna wa Alhaji Dogo takardar rabon irin waken suya ta bana a wayar. Tsohon ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon ɓangaren dama, ya ce, "Kai! Wanga aiki ya yi kyau." Ko waiwayar Kamilu bai yi ba.

Kishi ya turnuƙe Kamilu, ba wani ɓoye-ɓoye. Kwana uku yana rufe shago da azahar yana koyon abin shi kaɗai, har ya iya shi sarai, ya ma gano yadda ake jera jadawali a ciki, abin da Ashiru bai sani ba. To, wa ya tambaye shi? Abin da ya rage masa a ƙungiya yanzu shi ne ya danna inji takarda ta fito.

Ranar Laraba Ashiru ya turo masa shafin don ya buga kwafi sittin. Kamilu ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ciji leɓe, ya buga hagu. Bari dattawa su ga ƙazantar da gwanin nasu ke rubutawa.

A taron Alhamis, ƙarƙashin darbejiya, aka raba takardu. Wani manomi daga Furfuri ya juya tasa sama da ƙasa. Alhaji Dogo ya karkaɗe tasa kamar mai korar tururuwa.

"Kamilu, mi ne ne wanga? Ni da idona na ga takardar ga fes cikin waya. A hannunka ta lalace. Ko injin ya tsufa mu nemi wani wuri?"

Kamilu ya manta shaf cewa tsohon ya ga na dama.

Ashiru ya miƙe da sauri. "Alhaji, a yi masa uzuri. Laifina ne, ban yi masa bayani ba. Malam Kamilu bai san tsarin ba, sabon abu ne. Ni zan koya masa."

Aka zuba wa Kamilu ido. Bakinsa ya cika da magana: na sani, na ma fi shi sani! Amma in ya faɗa, gaban mutum sittin ya amsa cewa da gangan ya yi, kuma ba shi ba takardar ƙungiya har abada.

"Haka ne," ya ce. "Ban sani ba."

Ran Asabar Ashiru ya hau mota tun daga Bungudu ya zo shagon, ya ja kujera kusa da shi, cike da kirki, har da tsarabar ƙuli-ƙuli.

"Ka gani, Malam? Tauraro biyu nan, biyu nan. Gwada mu gani, kada ka ji tsoro."

Kamilu ya ɗora yatsa a hankali, ya sa guda ɗaya, don Ashiru ya samu abin gyarawa.