Minti Arba'in da Bakwai a Tekun Pemba

Radiyya ta tura ƙofar ɗakin haɗa shirye-shirye da ƙafa, don hannu ɗaya na riƙe da kofin shayi, ɗayan kuma ya dunƙule a kan ɗan katin na'urar naɗar sauti. Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Woodbridge har ta iso gidan rediyon da take aiki a Washington, ba ta yarda ta jefa katin nan a jaka ba.

Kaltum, editarsu, mutuniyar Damagaram, ta leƙo da tabarau a kan goshi.

"Radiyya, minti biyar nake so ranar Juma'a. Masuntan nan naki na tsibiri, shekara guda ke nan kina ja mana rai."

"Yau zan saurara, Yaya Kaltum."

Kaltum ta dube ta, ta sassauta murya. "In abin zai yi miki nauyi, a bar shi."

"A'a. Ni nake so."

Ba don shirin Juma'a take so ba. A cikin katin nan akwai muryar mijinta, Yusha'u, wanda ya rasu wata takwas da suka wuce. Mutumin da surutu bai ishe shi ba, rediyo mai jini, wanda ko a layin biyan kuɗi na kanti sai ya san garin su mai awo, ya tafi bai bar muryarsa a ko'ina ba. Ba ya tura saƙon murya, wai shi ba ya magana da bango, sai dai ya kira. Bidiyon bikinsu kuwa, mai ɗaukar ya bi ya lafta kiɗa a kan komai. Ga shi da safen nan ta riga ta yi wa 'yarsu Afnan alkawari: in ta dawo daga makaranta, za ta ji Abbanta.

Tafiyar ma tasa ce. Yusha'u injiniya ne, amma jikan Sarkawan Yawuri ne, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Shekara goma yana damunta da zancen teku, shi dai a kai shi inda masunta na gaske suke, ba jirgin 'yan yawon buɗe ido mai kujerun soso ba. Suka je tsibirin Pemba a hutun bazara, ya yi ta bin bakin ruwa har ya shawo kan wani tsoho, Mzee Faki, ya ɗauke su a kwale-kwalensa na katako. Ita kuma, da halin 'yan jarida, ta ce ba za a yi asarar tafiya ba, ta ɗauko na'urarta.

Ta saka katin a kwamfuta, ta sa abin sauraro a kunne. Fayil ɗaya ne, minti arba'in da bakwai. Ta yi bismillah ta danna.

Iska ce ta fara shigowa, sai ƙarar katako, sai ruwa na marin cikin kwale-kwale. Nan take ranar ta dawo mata: gaɓa ta ɓace, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, Mzee Faki na bin tsuntsaye da ido don su nuna masa inda kifi yake, igiyar fatsa naɗe a tafin hannunsa ba sanda ba komai.

Sai ga shi, kusa da kunnenta, kamar yana ɗakin.

"Kin ga yadda ya naɗa igiyar? Wallahi haka kakana yake yi in zai ja giwan ruwa. Haka ɗin nan! Ranar da ya fara kai ni kogi, ina ɗan shekara..."

Radiyya ta dafe tebur. Kewarsa ta taso mata, ta ji kamar ta shige cikin na'urar. Kafin ta gama jan numfashi, wata murya ta katse shi, siririya, mai kaifi. Tata ce.

"Abban Afnan, don girman Allah ka yi shiru. Aiki nake yi, kana ɓata min sauti."

Ya ɗan yi dariya. "To, ranki ya daɗe."

Ta duba allon. Daƙiƙa goma sha tara.

Ba ta damu sosai ba tukuna. Yusha'u ne fa. Wa ya taɓa sa shi yin shiru na minti biyar? Ta gyara zama tana jira ya fasa. Ta ji kanta tana yi wa Mzee Faki tambayoyi, wani tafinta na fassarawa. Tsohon ya yi bayanin iskar kudu da ta arewa, da yadda kifi ya ja baya zuwa can cikin teku, da 'ya'yansa da suka gwammace tuƙa babur. Minti goma, minti ashirin. Shayinta ya huce. Ta ƙara ƙarfin sauti har iskar ta fara yi mata ciwo a kunne, ko za ta tsinci tarinsa.

A minti na talatin da takwas kifi ya kama. Masuntan da ke cikin kwale-kwalen suka kaure da ihu, ƙafafu na dukan katako, igiya na kuka. Ta tuna sarai, Yusha'u ne ya taya tsohon ja, igiyar ta yanke masa tafin hannu, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa kayan sallah. Suka ɗago kifin tuna mai tsawon mutum. Duk wannan bidiri, bawan Allahn nan ko "kai" bai ce ba. Burinsa na shekara goma ya cika a hannunsa, ya haɗiye murnarsa don kada ya ɓata mata sauti.

Saura daƙiƙa kaɗan fayil ya ƙare, hayaniya ta lafa, sai ta ji raɗa, yana haki.

"Radiyya, kin gama? In yi magana?"

Ƙit. A ranar, daidai nan ta kashe na'urar.

Ta zauna tana kallon allon. Ya yi magana bayan nan, ta san ya yi, tun daga tsakiyar teku har gaɓa bakinsa bai rufu ba. Labarin kakansa ne, da ranar farko a kogi. Ta matse ƙwaƙwalwarta iya matsewa, ba ta samo ko jimla ɗaya ba, don a lokacin hankalinta na kan yadda za ta tsara rahoto.

Aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa. Kaltum ce.

"Yaya dai? Akwai abin da za a yi aiki da shi?"

Radiyya ta zare abin sauraron, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Akwai," ta ce. "Sautin ya fita tas. Babu wanda ya dame ni."