Kuɗin Cizo a Kofin Gilashi

Shekara ashirin da shida Goggona ta yi tana shugabancin masu gyaran ɗakuna a wani babban otal kafin ta ajiye aiki. Da likita ya ce aikin idonta sai a ƙasar waje, ni aka ɗora wa rakiya, don ni ke jin yaren ƙasar.

Tun a jirgi ta ja min kunne. "Hoton ɗakin da kika gani a waya, kada ki sa rai da shi. In mun tarar da rabinsa, mu gode Allah."

Haka kuwa aka yi. Tagar da aka ce tana kallon lambu, bangon wani gini take kallo. Ruwan zafi sai ya ga dama. Ni na hau kumfar baki, ita ko a jikinta. Amma da ta yaye bargo ta shinshina matashin kai, sai fuskarta ta canza.

"Wani ya kwana a kan zanin gadon nan. Juya shi kawai aka yi."

Muka sauka wurin karɓar baƙi. Manajan, wani dogo mai ƙamshin turare, ya saurare ni yana danna waya. Da na gama, ya ƙare wa Goggo kallo tun daga ɗankwali har silifas, ya ce da ƙarfi, "Wataƙila Madam ba ta saba da otal ba. Ko a turo wanda zai nuna mata yadda ake kunna famfo?"

'Yan matan da ke bayan tebur suka ƙyalƙyale.

"Me ya ce?" in ji Goggo.

"Cewa ya yi za su duba."

"Ƙarya kike. Wannan ba dariyar za-mu-duba ba ce. Faɗa min yadda ya faɗa."

Na faɗa mata. Ta juya, muka koma ɗaki. A kujera ta kwana, ni ma ta hana ni hawa gadon.

Washegari muna karin kumallo ta zungure ni. "Kin ga an sake furanni, an wanke kafet, kowa ya sha guga? Yau akwai manyan baƙi. Tambayo min." Mai kawo shayi ta ce wakilan kamfanonin yawon buɗe ido ne za su zo da hantsi, mai otal ɗin da kanta za ta zagaya da su.

Goggo ta koma ɗaki ta naɗe hannun riga. Da idonta ɗaya mai gani ta tuɓe gadon tsaf, ta sa na ɗaga katifa, ta bi ɗinkin gefe da tsinken sakace. Kuɗin cizo bakwai ta tsince, ƙosassu, ta zuba a kofin gilashi ta rufe da faranti. Na ce mu tafi yanzu. Ta ce, "Zauna. Lokaci bai yi ba."

Sai da ta hango baƙin sun cika falon ƙasa, manajan yana ta washe baki, sannan ta ratsa tsakiyarsu ta dire kofin a gaban mai otal.

"Fassara, kuma kada ki rage ko kalma ɗaya. Ki ce tsohuwar da ba ta iya kunna famfo ba ce ta kawo musu tsaraba daga ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu."

Wata mata ta ja da baya tana sosa wuya. Wayoyi suka fito, ana ta ɗaukar hoto. Manajan ya fara in-ina, wai laifin mai shara ne, yau zai sallame ta.

"Kul!" in ji Goggo. "Na leƙa takardar aikinta a jikin keken da take tura kayan shara. Ɗaki talatin mace ɗaya, zanin gado goma sha biyu. Da me za ta sake sauran? Da zanin ɗaurinta?"

Mai otal ta ba da haƙuri har da riƙe wa Goggo hannu, ta ce a ba mu ɗaki mafi kyau. Goggo ta ce ta yarda, da sharaɗin manajan ne zai shimfiɗa gadon da hannunsa.

Ya cire kwat, ya durƙusa. Sau uku tana sa shi warwarewa: kusurwa ta karkace, ya bar tattara a tsakiya, matashi ya kalli bango. Mai sharar na tsaye a bakin ƙofa tana danne dariya. A karo na huɗu, gumi ya jiƙa masa riga, Goggo ta shafa gadon ta gyaɗa kai.

"Yanzu ya iya. Ki ce ya sauko mana da jakunkuna, kusa da asibiti za mu koma. Ni ba na kwana a ginin da ke da kuɗin cizo."

A mota na ce, "Goggo, kin huce?"

Ta ce, "Da saura. Buɗe wayarki, inda kika ga hoton nan, wurin da baƙi ke rubuta ra'ayinsu. Ni zan faɗa, ke ki rubuta."