Tarkon Baban Nancy

"Kar ka taɓa shi, Malam Inuwa, kana da alwala," in ji Baban Nancy.

Ban saurare shi ba. Na durƙusa na juya karen. Kumfa ta bushe a bakinsa, ga guntun kifi a gefe an barbaɗe shi da shinkafar ɓera. Duna ya riga ya sandare a bakin kwatar da ta raba gidansu da na Gilbert.

Cornelius ne sunan mai karen, amma duk unguwar Hammadu Kafi da Baban Nancy muka san shi. Mai walda ne, ɗan Katolika, ba ya fashin coci ran Lahadi. Asabar kuwa ta daji ce. Da sassafe zai ɗauko ni a babur, Duna a zaune kan tanki kamar shi ya sayi mashin ɗin, mu nufi wajajen Dadin Kowa. Ni tela ne, ko gwafa ban iya harbawa ba. Aikina wuƙa: shi ya harbi zabuwa, ni in ruga in yanka kafin rai ya fita, don gidana ma su ci. Ya sha yi mini dariyar yadda nake gudu da doguwar riga.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce lallai ya riƙa takawa. Babu wanda ya iya tayar da shi daga kujera, har matarsa Margaret, sai Duna. Kullum da safe karen zai ja gaba, shi yana biye da sanda har bakin kwari.

Gilbert ya leƙo ta kan katanga. Mai kiwon kaji ne, cocinsu ɗaya, yana cikin mawaƙa.

"Ni na sa," ya ce, ko kunya babu. "Na yi magana, na yi magana. Kajina za su ƙare ne saboda kare?"

"Muzuru ne, Gilbert," in ji Baban Nancy, harshensa na nauyi. "Daga kwari yake shigowa."

"Muzuru mai ƙararrawa a wuya ko?"

Na miƙe zan haura katangar, tsohon ya riƙe mini riga da hannunsa mai lafiya. Da ya sake ni, da ranar an kwana ana maganata a unguwa.

Bayan mun binne Duna, Baban Nancy ya sa Margaret ta fiddo wani tarkon ƙarfe, ƙirar hannunsa. Ashe shekara da shekaru shi ke ɗana shi a wani rami a gindin katangar Gilbert ta ɓangaren kwari, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da ya kwanta ciwo ramin ya zama hanya.

"Ka riƙa ɗanawa," ya ce.

"Don kajin wancan mugun?"

"Don ni."

Na riƙa ɗanawa. Na kama muzuru guda, na wurga shi kwari, ɓarnar ta tsaya cak. Sai ga Gilbert a shagona ya kawo ɗinki, yana washe baki: "Ka gani ko, Tela? Tun da karen nan ya tafi kajina suka huta." Na ce keke ya lalace. Allah ya sani, almakashin da ke hannuna na ajiye nesa da ni.

Baban Nancy bai sake taka ƙofar gida ba. Ya zauna a kujera yana jan rozarinsa, carbin 'yan Katolika, ƙafafun suka kumbura, abinci ya koma sai kunu. Ranar da Fada, limamin cocinsu, ya zo ya shafa masa mai, na ba su wuri, na tsaya a tsakar gida. Da aka gama ya sa aka kira ni.

"Malam, tarkon nan..."

"Yana nan."

"Na yafe masa. Kai ma ka yafe."

Na ce to, don ba a musu da mai jin jiki. Da la'asar ya cika, Nancy na riƙe da kansa.

A wajen addu'ar da aka yi masa a ƙofar gida, Gilbert ne ya ja waƙa. Muryarsa har rawa take, ya sa farin hankici yana share ido. Da aka raba shinkafa ya ci, ya nemi ƙari. Ina zaune a benci ina kallon maƙogwaronsa yana hawa da sauka. Ban taɓa tsanar mutum irin haka ba, kuma har yau ban ji ya ragu ba.

Washegari na zagaya bayan katanga, na kwance tarkon. Na sa ƙafa na ɗan faɗaɗa ramin. Shi ya yafe, an kuma binne shi da yafiyarsa. Ni ban yi wa Duna wannan alkawarin ba.

Ba a rufa mako ba aka fara jin ihun Gilbert da safe. Yau kaza, gobe kaji. Ya zuba shinkafar ɓera ko'ina, kajin suka tsince abinsu. Ya zagaya unguwa yana neman karen da zai ɗora wa laifi, babu ko ɗaya a layinmu. Ina daga shago ina taka keke, gashin kaji yana bin kwata yana wucewa ta gabana.

Ranar Asabar Margaret ta shigo cikin baƙaƙen kaya, ta kawo mini wuƙar farautarsa, ta ce ya bar mini. Tana juyawa idonta ya faɗa kan tarkon, a rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa. Tana wurin kuwa lokacin da na ce wa mijinta to.

"Maman Nancy, zan mayar..."

"Ya yi tsatsa," ta ce. "Bar shi ya huta."

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo abin wuyan Duna, ta rataye a kan ƙusar, ta fita. Ƙararrawar ta ɗan kaɗa a jikin ƙarfen, sannan ta yi shiru.