Ragunan Asusun Karatu

Injiniya Ɗanliti mutum ne mai lissafi, ko da yake shi yake faɗa da bakinsa. Tun 'yarsa Kausar tana goye ya buɗe mata asusun karatu, irin wanda a Amurka ake kira 529: ka zuba kuɗi su yi ta haihuwa, gwamnati ba ta taɓa ribar muddin a karatu aka kashe. Duk baƙon da ya shiga gidansa a Mitchellville sai ya sha labarin asusun nan kafin ya sha ruwa. Kausar likita za ta zama, a babbar jami'a, kuma ba da bashi ba.

Ana nan, a shekarar 2014, Alhaji Sharifu na Upper Marlboro ya yi wa ɗansa Nasir walimar saukar Alƙur'ani. An kama zaure a otal, an yanka raguna, an ci an yi guzuri. Ɗanliti ya koma gida ciki a cike, zuciya a ƙuntace, don Kausar ma ta kusa sauka.

Bayan sallar Juma'a ya ja Sharifu gefe. "Alhaji, ina ka samo wannan ƙarfi?"

Sharifu ya rage murya. "Asusun karatu mana. Ai karatu suka ce. Akwai karatun da ya fi wannan?"

Maganar ta zauna wa Ɗanliti daram. Ya koma gida ya ce shi ma daga asusun zai yi walimar Kausar. Matarsa Rumasa'u ta ce, "Baban Kausar, baɗi fa yarinyar nan za ta shiga jami'a." Ya ce Allah zai hore. Kausar kanta ta ce, da Turanci kamar kullum, dabino da ƙawayenta sun ishe ta. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san mutunci ba.

Aka yi walimar da ta danne ta Sharifu. Malami tun daga Kano a jirgi, raguna har mahauci ya gaji, kofuna masu hoton Kausar kowa ya tafi da nasa. Ranar Ɗanliti bai taka ƙasa ba.

Da lokacin haraji ya zo, sai ga takarda mai suna 1099-Q, ta zayyana abin da ya cire. Ya nufi Alexandria wajen Chundung, 'yar Jos mai cike wa mutane takardun haraji, riƙe da allon zayyana da faifan bidiyo a matsayin shaida.

"Ranka ya daɗe, wace makaranta ce ta karɓi kuɗin?" in ji Chundung.

"Otal ne, da mahauci."

"Ragunan suna da rajista a jami'a?"

"Malama, izu sittin fa yarinyar nan ta sauke!"

"Allah ya sa albarka. Amma hukuma rasidin makaranta take nema. Za ka biya haraji a kan ribar, da tara a kai."

Ya yi wa'azi, ya kawo tarihi, ya ɗaga allon sama. Chundung ta yaba zayyanar da gaske, sannan ta miƙa masa biro. Harajin da tarar suka lashe ɗan abin da ragunan suka bari.

Babbar jami'ar ta ba Kausar gurbi. Ɗanliti ya karanta wasiƙar, ya yi murna, sannan kunya ta rufe shi, don ko kuɗin zango ɗaya ba shi da shi. A watan Agusta ya ɗauke ta zuwa wata ƙaramar kwaleji mai araha kusa da gida. Ya ajiye mota can ƙarshen fili, bayan bola, inda ba mai ganinsa.

Motar da ke gefe ta Sharifu ce, ga Nasir yana fitowa da jaka. Dattawan biyu suka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya zafi. Sharifu ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ɗanliti ya ce shi ma haka.

Kausar ta rataya jakarta. Ta zaro kofin nan mai hotonta daga mota, ta sa a hannun mahaifinta.

"Baba, riƙe," ta ce, yau da Hausa. "Kuɗin makarantata ne."