Igiyar Datti

A shekarar da aka yi wahalar mai, lokacin da motocin haya suka jeru a Kawo babu mai motsi, akwai wani ɗan dako da ke kwana a ɗakin zauren gidana a Badarawa. Datti sunansa, mutumin Ƙaura Namoda. Ba shi da surutu, ba ya shan taba, kuma in ya ɗaure kaya a amalanke, sai dai a yanke igiyar, ba dai ta saki ba.

Wata Talata da hantsi saƙo ya iso masa a makare, cewa matarsa ta sauka, an samu mace, suna kuma jibi. Tun rasuwar mahaifiyarsa Aishatu ya yi alkawarin 'yarsa ta fari sunanta za ta ci. In bai je ba, wansa Yakubu ne zai raɗa, shi kuwa Yakubu ba ya tambayar kowa komai. Jirgin ƙasa na fasinja ya riga ya wuce, mota kuma babu.

Na same shi yana naɗe igiyarsa, ga Tukur mai rake tsaye a kansa. Tukur ɗin nan ya daɗe yana hawan jirgin kaya a ɓoye, shi ya sa yatsunsa na hagu ba su cika ba.

Na ce, "Datti, wanda zai nuna maka hanya, dubi hannunsa tukuna."

Tukur ya yi dariya. "Haba Baba, ai ragowar sun ishe ni fere rake."

"Ba da kai nake ba, shashasha."

Datti ya sunkuyar da kai. "Baba, in na tsaya, Yakubu sunan da ya faɗo mishi shi za ya sa. Mi zan ce ma Inna in mun gamu?"

Na yi faɗa iya faɗa. Ya saurara da ladabi har na gama, ya rataya igiyarsa ya fita. Sauran labarin daga bakinsa na ji.

Bayan Kawo akwai wata lanƙwasa inda jirgin kaya ke rage gudu. Nan suka laɓe cikin ciyawa har ya zo, suka bi shi a guje, suka kama tsanin wani tarago mai ɗauke da buhunan gishiri an rufe da tampol. Da suka zauna a sama, Tukur ya ce masa jirgin Kano za shi, ba zai tsaya a Zariya ba, sassautawa kawai zai yi kafin tasha. Nan za su dira, su nemi na Gusau.

"Kuma ka ɗaure kanka da ƙarfen nan," in ji Tukur. "Barci ke kashe mutane a nan, ba gudu ba."

Datti ya zagaya igiya a ƙugunsa ya ɗaura a ƙarfe. Tukur bai duba ba. Masu wannan hawa zarge suke yi, wanda ja ɗaya ke kwance shi. Shi kuwa Datti hannunsa bai san wani ɗauri ba sai na kaya, irin wanda duk jijjigar da aka yi ƙara cijewa yake.

Ƙarshen damina ne. Datti ya ce bai taɓa ganin ƙasa daga sama haka ba. Dawa ta fitar da kai har iyakar gani, iska na kwantar da ita tana tashi, kamar wani ne ke shafa ta. Sun wuce Rigachikun, sun wuce wani rafi inda mata ke wanki, suka ɗago hannu, shi ma ya ɗaga. Balbelu suka biyo jirgin na ɗan lokaci, suna tafe daidai kafaɗarsa, har ya ga kamar shi ne a tsaye, su ma a tsaye, gonaki ne ke gudu. Tampol ya ɗumama a ƙarƙashinsa. Ƙarar ƙafafun jirgin ta koma masa kamar daka a gidansu, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Ya ga mahaifiyarsa zaune a kan buhun da ke gabansa, da zanenta na saƙi, tana tsince wake a faifai, iska ba ta ko taɓa kallabinta. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce mata ya kusa isowa. Ta miƙo masa jaririya a cikin faifan, ba nauyi ko kaɗan, kamar auduga.

Girgizar Tukur ce ta tashe shi. "Zariya, malam. Tashi."

Tukur ya ja tasa igiyar ta zube, ya sauka tsani, ya dira. Datti ya kai hannu ga ƙullinsa ya ji shi kamar dutse. Ya sa farce, farcen ya karye. Yana ganin Tukur a ƙasa yana bin jirgin yana kiransa, har ya ƙanƙance ya ɓace. Jirgin ya ratsa tasha, ga layin Gusau ya ware ya yi hagu cikin rana, yana sheƙi. Babu wuƙa a jikinsa. Haƙori ya sa, yana ci, bakinsa na jini, kafin igiyar ta tsinke jirgin ya riga ya koma cikakken gudu.

Mai hankali da ya zauna har Kano. Datti ya duba baya, ya ga Zariya ba ta yi nisa ba tukuna, ya yi bisimilla ya yi tsalle.

Ya ce bai ji zafi ba da farko. Ya dai samu kansa kwance a gonar dawa, ganye na motsi a samansa, gajimare na wucewa a hankali ya nufi yamma. Nan ya yi ta faɗin sunan a hankali, kamar yadda ake raɗawa a kunnen jariri, har masu gonar suka tsince shi da la'asar. Ƙugunsa ya karye. Ranar suna yana gidan wani mai ɗori a Zariya, bai san inda yake ba.

Yakubu ya sa wa yarinya Hafsatu.

Datti bai sake ɗaukar kaya ba. Da ya fara takawa da sanda, matarsa ta biyo shi Kaduna da yarinyar, na ba su ɗakin ciki, ya kafa teburin goro a ƙofar gida. Kowa a unguwa Hafsatu yake kiran yarinyar. Shi kaɗai bai taɓa furta sunan ba. Inna yake ce mata, yana sauke murya, yadda ɗa ke yi wa wadda ta ci sunan uwarsa. Na taɓa ce masa wannan ba daidai ba ne, sunan da aka yanka wa rago shi ne suna. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya juya ya ce, "Inna, kawo ma Baba ruwa."

Ta tashi ta kawo.