Rabin Ƙwaya

"Malam Shawulu, wa ya ɓare ƙwayoyin nan gida biyu?"

Hajiya Talatu ta juye kwalbar a tafin hannunta, ko ɗaya babu cikakkiya. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya, ba a yi mata rufa-rufa da magani. Maƙwabcin nata, tsohon malamin makaranta da ciwo ya riga ya kai wa ƙashi, ya kawar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. A ƙarƙashin gadon Duna ne kwance, tsohon karensa, ga amai mai ratsin jini a gefensa.

"Rabi nawa, rabi nasa," in ji shi. "Ƙafafunsa na baya sun ƙi, Hajiya. In zai tashi kuka yake kamar mutum."

"Innalillahi! Maganin mutum ai cin hanjin kare yake! Kai ba ka samu sauƙi ba, shi kuma kana kashe shi."

"To ni dai ba zan sha cikakkiya yana kuka ba."

Ta san taurin kansa. Bara da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yarsa Beatrice ta zo da mota don ta mayar da shi garinsu Wusasa, ya ce Kano ba ta yi masa komai ba, kuma Duna ba ya son tafiya. Ita kuwa da karen nan ba sa ga maciji. Shekara goma sha uku katanga ɗaya ce tsakaninsu a Nassarawa, in ta shigo da kunu sai ta tattare zani kada ya shafe ta. Haushi ya cika ta, tsoro kuma ya fi haushin.

Kafin azahar tana gaban wani likitan dabbobi mai suna Maharazu. Ya ce akwai ƙwaya mai ƙarfi, amma cikin da ya riga ya yi rauni ba zai ɗauka ba. Akwai na ruwa mai sauƙi, sai dai a buɗe bakin a ɗura safe da yamma.

"Ko kuma allura ɗaya, Hajiya, ya huta gaba ɗaya."

Ba za a ɓoye ba, ranta ya kwanta da allurar. Hannun Malam ko cokali ba ya riƙewa, ta san wanda ɗurar za ta faɗo wa. Amma in karen ya tafi, me za ta ce da mutumin?

"Ba ni na ruwan," ta ce.

Ta saka safar hannu har biyu, ta durƙusa tana ta a'uziyya, ta ɗura. Bayan kwana biyu Duna ya miƙe ya taka har bakin ƙofa ba kuka. Malam Shawulu ya bi shi da ido, sannan ya haɗa rabi biyu ya haɗiye. Ranar ya yi barci har da minshari.

Kwana huɗu kacal Malam ya samu na sauƙin. Ranar Juma'a da hantsi ta shigo da kunu ta tarar rai ya yi halinsa. Ta yi kuka, tana ta lissafin watannin da ya yi yana cije leɓe a gabanta ba ta duba kwalbar ba.

Da aka sa akwatin gawar a mota, Beatrice ta tsaya tana share ido.

"Mama, karen fa?"

"Je ki, 'yata. Maganinsa bai ƙare ba."

Washegari ta tura ƙofar ɗakin. Duna na kwance a gaban gadon da aka naɗe wa katifa. Sai da ta durƙusa ta tuna ta baro safar a gida. Haka nan ta tallafo haɓarsa da hannu. A kan kujera, kusa da tabarau ɗin Malam, rabin ƙwayar da ya saba ware wa Duna na nan a murfin kwalba.