Kiɗan Ƙarshe a Barandar Clovis

Odile na tsaye gaban murhu tana juya fulawa a cikin mai, ko ɗaga kai ba ta yi ba da aka banko ƙofar kicin ɗinta.

"Tanti Odile, ke ce kika yi masa alkawarin miyar gumbo?"

Celestine ce, 'yar maƙwabcinta Clovis Ledet. Kwana uku ke nan da ta taso daga Houston don ta tafi da mahaifinta babban asibiti.

"Ni ce. Yanka min albasar can. In na saki cokalin nan fulawar ƙonewa za ta yi."

"Likita ya ce ba gishiri, ba maiƙo."

"Ya kuma ce sauran kwana nawa?"

Celestine ta daɗe tsaye tana kallon tukunyar, sannan ta ɗauki wuƙa. Hawayen da suka biyo baya dukansu biyu suka bar wa albasa laifinsu.

Da la'asar suka tsallaka da kwanon miyar, ga kaza ga kuɓewa a kan shinkafa. Clovis na zaune a baranda cikin kujerarsa mai lilo, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mutumin da ya shekara hamsin yana raya gidajen rawa da kiɗansa a wannan yanki na Louisiana, yanzu numfashi ma sai ya yi masa dabara.

"Tun daga nan na ji ƙauri," in ji shi. "Kin ƙona ko?"

"Shekara ashirin kana cin girkina kana kushewa, tsoho. Buɗe baki."

Ya ci cokali uku, ya lumshe ido. "Kuɓewar ta yi yawa."

"To kawo in mayar."

"Ajiye nan. Wa ya ce na gama?"

Odile ta zauna a kan matakala. Daga nan tana hango rufin gidanta, kwanon duk ya yi tsatsa amma bai taɓa yoyo ba. Shekarar da guguwa ta kwashe na farkon, watanta huɗu da rasa miji a rijiyar mai ta cikin teku, ita da yara uku suna kwana a ƙarƙashin tamfol. Ba ta roƙi kowa ba, don kowa na fama da nasa. Clovis kuwa ko ƙusa bai iya bugawa ba. Amma ran wata Asabar da safe ya ɗauko akodiyon ɗinsa, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsawa, ya zauna a kan tulin katako a ƙofar gidanta, ya saki kiɗa. Da jama'a suka taru sai ya tsaya cak ya ce duk mai son rawa ya hau sama ya kafa kwano tukuna. Kafin rana ta faɗi an rufe gidan.

"Kawu Clovis," ta ce, "ban taɓa yi maka godiyar rufin nan yadda ya kamata ba."

"Wane rufi? Ni dai kiɗa na yi." Ya juya ga 'yarsa. "Ɗauko min akwatina."

"Baba, ka huta. Gobe da sassafe za mu kama hanya, na riga na sa kayanka a mota."

"A can wa ya san sunana? Tsohon gado mai lamba kaza za su riƙa ce min. Ɗauko, na ce."

Ta ɗauko ta ɗora masa a cinya. Yatsunsa suka sami gurbinsu da kansu, amma da ya zo ja sai hannun hagu ya ƙi. Ya sake gwadawa, akodiyon ɗin ya yi wani nishi ya yi shiru. Clovis ya sunkuyar da kai. Odile ta kau da ido, don ba ta son ya san ta gani.

Sai Celestine ta durƙusa a gefensa da siket ɗinta na ofis, ta zura hannu cikin maɗaurin, ta ja.

"A hankali, yarinya! Famfo kike bugawa?"

"To ka koya min mana. Da ina ƙarama cewa ka yi ba aikin mata ba ne."

"Na yi wauta. Ja. Yanzu matsa."

Da farko kiɗan ɗingishi yake yi, can sai ya miƙe. Ƙofofi suka fara buɗewa a layin. Tsofaffi suka fito da kujerunsu, wasu suka kama matansu suka shiga rawa a kan ciyawa. Odile ta miƙe ita ma, ta tattare rigarta, ta taka ita kaɗai har gwiwa ta ce ya isa. Waƙa biyu Clovis ya yi, a ta uku ya ce ya gaji.

Kafin duhu Odile ta hango Celestine tana fito da jakar mahaifinta daga mota tana mayarwa cikin gida.

Ran Talata da hantsi ya cika, a kujerar nan, bayan ya sha rabin kofin kofi ya ce ya yi ruwa. Aka binne shi a bayan coci kusa da matarsa. Mutane suka zo har daga garuruwan da Odile ba ta taɓa takawa ba.

Washegari hadari ya taso daga wajen gonakin shinkafa. Odile ta fito kwashe shanya, sai ta ga rigunansa biyu har yanzu a kan igiyar bayan gidansa, iska na kaɗa hannuwansu. Ta tsallaka shinge ta cire su, ta ninke kowace a kan ƙirjinta, ta tsaya a barandarsa riƙe da su har ruwan ya sauko.